Ma'aunin Bukkuyum Ya Yi Shiru

Surayya ce ta rubuta manhajar da ƙungiyar manoman shinkafa ta Gummi ke dogara da ita. An kafa ma'aunai a bakin gulbi a Anka da Bukkuyum, suna aiko da tsayin ruwa. In ya wuce iyaka, manhajar sai ta tura wa manoma saƙo su fito daga fadama.

Da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ta buɗe kwamfuta a ofishin ƙungiyar. Ma'aunin Anka ya nuna gulbi ya cika, amma bai wuce iyaka ba. Na Bukkuyum ya nuna sifiri.

Sifiri a tsakiyar damina?

Ta buɗe rubutun manhajar. Tun farko, duk lokacin da ma'auni bai aiko komai ba, gurbinsa wayam yake zuwa, manhajar kuma in ta zo gwada wayam da lamba sai ta tsaya cak. Shi ya sa Surayya ta sauya wa alamar da ke yin gwadawar a cikin rubutun aiki: in ta ci karo da wayam, ta ɗauke shi sifiri. Tsayawa ta ƙare. Amma ga shi yau shirun ma'auni ya koma "lafiya lau".

Ta kira Jatau, mai kula da ma'aunin Bukkuyum. Waya ba ta shiga.

Malam Labbo, shugaban ƙungiyar, ya shigo yana kaɗe laima. "Mi ya faru, ɗiyata?"

"Baba, ban san tsayin ruwa a Bukkuyum ba. Manhajar ma ba ta sani ba, amma ta ce babu komai."

"In muka fito da mutane a banza, gobe ba za su saurare mu ba."

"In kuma ruwan na hanya fa?"

Malam Labbo ya ce, "Tura."

Ta tura saƙon da kanta. Sannan ta gyara alamar: wayam ba sifiri ba ne, "ba a sani ba" ne, kuma dole ya tayar da gargaɗi.

Bayan azahar Jatau ya kira, yana haki. Gulbi ya tafi da ma'aunin har da turkensa.

Kafin la'asar ruwa ya shanye gonakin bakin fadama. Malam Labbo ya hau babur ya bi unguwa-unguwa yana tambayar wanda bai dawo ba. Kowa ya dawo.