Akuyar da Ta Tuƙa Kumbo

Shekara ashirin mai buga takardu ta yi a shagonta na ƙasan bene, tsakanin mai hoto da mai gyaran waya, kuma kuskure bai taɓa fita ta ƙofarta ba. Ko wasiƙar neman aiki ka kawo a karkace, sai ta miƙar maka da ita ba tare da ta tambaye ka ba. Abin tinƙahonta ke nan, shi ne kuma ya jawo mata.

Ranar Talata wani tsohon direba ya kawo shafi uku na rubutun hannu, ya ce a buga masa da manyan baƙaƙe, idonsa ya yi rauni. Da ya tafi ta hau karatu, nan take kanta ya ɗaure. Wai akuya ce ke tuƙa kumbo zuwa duniyar wata don ta mayar da firijin da ta aro. A hanya firijin ya ce a tsaya, amai yake ji.

Ta karanta sau uku. Ta juya takardar ko akwai bayani a baya, babu. Tausayin tsohon ya kama ta, ta ce tsufa ne. Sai ta mayar da akuyar matuƙi mai digiri, ta rufe wa firiji baki, ta saukar da kumbon lafiya lau. Da rana tsohon ya zo ya karɓa ya tafi.

Washegari ya dawo, fuska ba walwala.

"'Yata, ina akuyata?"

"Baba, akuya ba ta tuƙi. Na gyara maka."

"Firijin fa?"

"To me zai sa firiji amai? Me ya ci?"

"Ni ma ban sani ba. Haka ya zo mini."

Ya ja kujera ya zauna, ya ce matarsa na asibiti wata huɗu, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Wannan shirmen kaɗai ke sa ta dariya, da rabin baki.

"Jiya na karanta mata naki," in ji shi. "Ta saurara har ƙarshe, kamar ana karanta mata takardar magani. Sannan ta juya fuska bango."

Kunya ta rufe mai buga takardu, amma har yanzu ba ta gane ba. "Me ke ba ta dariya a ciki, Baba?"

"Komai na ɗakin nan da take kwance yana da dalili, kuma babu mai daɗin ji. Akuyar ce kaɗai ba ta da shi."

Ta jawo shafukansa ta fara bugawa, baƙi bayan baƙi, yatsunta na ƙaiƙayin gyara tana danne su. Da ta kai wajen aman firiji ta ɗan dakata.

"Yi sauri, 'yata," ya ce yana duban agogo. "Ƙarfe huɗu ake bari a shiga dubiya. Likita ya ce kada in ƙara tsallake ko rana ɗaya."