Jitar Bahago

"Ki ce masa na yi barci," in ji Baba Bahago, da muryar da ko na bakin titi zai ji.

Mutumin kuwa yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat mai ruwan toka, da ledar lemo a hannu. Ni ina tsakaninsu riƙe da kofin magani.

"Haba abokina, dubiya fa na zo," in ji Mai Kwat. "Sai kuma jitar nan, aron kwana biyu kawai. 'Yan rediyo ke son hotona da ita."

"Tela, rufe ƙofar nan, iska na shigowa."

Na rufe har da sakata, kuma ko ɗigon kunya ban ji ba.

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba Bahago. Ina ɗinkina, yana gyaran rediyonsa, ba mata ba ɗa, sai tsohuwar jita a rataye jikin ƙusa. Sai da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ina kai masa abinci, sannan bakinsa ya buɗe.

Yana ɗan shekara ashirin aka kai shi situdiyo, ɗaki guda da aka rufe bangonsa da barguna, makirufo ɗaya tal a tsakiya. Ƙananan faifai huɗu suka yi, kiɗa zalla babu waƙa. In mutum ya kuskure babu gyara, sai kowa ya koma farko. Jitarsa ce ke magana a ciki tun daga fari har ƙarshe. Amma da faifan suka fito, sunan shugaban ƙungiya aka buga, wato Mai Kwat, a ƙasa aka ƙara "da yaransa".

"To shi me yake kaɗawa?" na tambaye shi.

"Tafi yake yi. Shi ma ba ya faɗawa daidai."

Shekara hamsin yana haɗiye abin. Kwatsam wata ma'aikaciyar rediyo ta tono faifan, waɗanda yanzu ko ka zaga gari da ƙyar ka samu ɗaya, ta sa a shirinta. Mai Kwat ya je gidan rediyon ya zauna ya ce da yatsunsa ya kaɗa. Baba na kwance ya ji, ranar ko ruwa bai sha ba.

Washegarin zuwan Mai Kwat dubiya, da hantsi Baba ya ce, "Sauko min da ita."

Na goge mata ƙura da ƙyalle. Na riƙe masa ita a ƙirji, wuyanta na kallon dama, yana murɗa kunnuwan saita tsirkiya, yana kasa kunne. Gumi ya jiƙa masa wuya kafin ya gama tsirkiya shida.

"In na tafi, ki ba shi," ya ce. "Amma a gaban yarinyar rediyon nan. Ki ce wasiyyata ce ya kaɗa na faifan farko."

"Baba, ka yafe masa mana, ka tafi da zuciya fara."

"Na yafe wa kowa, har wanda ya sace min keke. Shi dai sai ya kaɗa."

Ranar Alhamis da safe ina ɗora masa ruwan zafi na ji tarin ya tsaya. Na leƙa, hannunsa na hagu yana bisa tsirkiyoyin. Na zauna a ƙasa na yi kuka son raina, domin maƙwabci ne da bai taɓa ɗaga min murya ba.

Bayan mako guda na aika musu su biyun. Ma'aikaciyar ta zo da na'urar ɗaukar murya da kwalin faifan farko. Mai Kwat ya zo da hankici, yana goge idon da babu komai a cikinsa. Maƙwabta sun cika tsakar gida, don ni na bi ɗaki ɗaki na kira su.

"Ranka ya daɗe, ga wasiyya," na ce, na miƙa masa da hannu biyu. "Ya ce ka kaɗa mana na farkon."

"Yau? Yatsun sun tsufa, 'yar nan."

"Ko kaɗan ne, ranka ya daɗe," in ji ma'aikaciyar, ta danna na'ura.

Ya rungumi jitar yadda na dama ke yi. Ko ni da ban san kiɗa ba na ga kakkaurar tsirkiya ta koma ƙasa, siririyar na sama. Shi bai lura ba. Ya ja yatsa, wata ƙara ta fito kamar an ja kujerar ƙarfe a siminti. Ya sake ja. Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki.

"An ɓata mata saiti," ya ce.

Ma'aikaciyar ta matso kusa da shi. Ta karɓi jitar, ta juya ta wuyan ya kalli dama, ta shafa inda farce ya cinye fenti. Sannan ta ɗaga kwalin. Ga Mai Kwat a tsakiyar hoton yana murmushi. Can gefe, inda aka datse kan wani saurayi, ga wannan jitar, hannun hagu ne ke kaɗa ta.

"Yaya," ta ce da ni, "mene ne cikakken sunan marigayin?"

Na faɗa da ƙarfi, sau biyu, ta rubuta. Mai Kwat ya miƙe ya fita, ba wanda ya raka shi ko bakin ƙofa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina, kuma har yau ban yi nadama ba.

Jitar tana ɗakina yanzu, a ƙusar da ke saman keken ɗinki. In na taka keken da ƙarfi bangon na girgiza, sai kakkaurar tsirkiyar ta riƙa amsawa a hankali ita kaɗai.