Wanda Bai Yi Ihu Ba

"Wai duk kurame ne a asibitin nan?" Uwar ta daki ƙarfen gadon da tafin hannu. 'Yarta na kwance tana kurma ihu, ƙafarta ta karye, jini ya jiƙa zanen gadon.

Mijinta, uban yarinyar, na zaune a benci jikin bango, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Shi ya tuƙa motar, shi ya ɗaga waya a kan kwana, shi ya je ya rungumi turken fitila. Tun da suka shigo ba ta dube shi ba, don ta san in ta dube shi sai an raba su.

"A taimaka min da ruwa," ya ce a hankali.

"Ruwa? Ka karya min 'ya kana neman ruwa? Sha wayarka!"

Likita ta shigo da sauri. Ta taɓa yatsun ƙafar yarinyar, ta yi mata tambaya, yarinyar ta amsa cikin kuka. Ta ce wa nas a ɗaure raunin, a yi allurar kashe zafi. Sai ta juya, idonta ya faɗa kan mutumin da ke benci.

"Baba, kai ne direban?"

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau, ga gumi, jijiyar na bugawa da sauri amma ba ƙarfi. Ta ja fatar idonsa ƙasa, fari fat. Ta ɗaga rigarsa, ga shatin sitiyari a ƙarƙashin haƙarƙari. Da ta danna cikin, ya cije leɓe.

"Kawo gado! Kada a ba shi ruwa. A shirya ɗakin tiyata, a nemo jini."

Uwar ta sha gabanta. "Ke, ba ki da ido ne? Ga mai ciwo can! Wannan da ƙafarsa ya shigo, shi ya ɗauko ta ma!"

"Mama, matsa. Mai ƙarfin ihu irin wannan tana numfashi, jini na kai mata kai. Ƙafa za ta jira. Shi a ciki yake zubar da jini."

"Ƙarya ne! Raki ne kawai, na san halinsa!"

Da aka ɗora shi a gadon, kansa ya langaɓe gefe. Ana tura shi ya wuce ta gaban matarsa, leɓɓansa sun bushe, ya ce, "An duba yarinyar?"

Ta bi shi da kallo. Ƙofar ɗakin tiyata ta rufe.

Ta koma bakin gadon 'yarta. Allurar ta fara aiki, ihun ya koma nishi, nishin ya lafa, idanun yarinyar suka lumshe.

Uwar ta damƙi kafaɗarta ta girgiza.

"Ke! Kar ki yi min shiru. Yi ihu, don Allah, yi ihu!"