Ƙwan Fitilar 'Yar Tela

Ni malamar tarihi ce, kuma ina so a san haka tun kafin a fara zagina. Tarihi na karanta, shi aka ɗauke ni in koyar. Amma da malamin kimiyyarmu ya samu aiki a wani kamfani ya tattara nasa ya nasa, sai Hedimasta ya kira ni ofis ya miƙo mini wani littafi da bangonsa ya cire.

"Malama, ki ɗan riƙe mana ajin nan na wata biyu, kafin a turo wani."

Wata biyun nan yau shekara shida ke nan.

Ban yi wasa da aikin ba, Allah ya sani. Babin makamashi har waƙa na mayar da shi: rana, iska, ruwa, gawayi, man fetur. Yara na rerawa suna buga benci har malamin ajin kusa ya leƙo ya ce mu ji tsoron Allah. Babin lantarki kuwa a allo muke yin sa. In ɗauki doguwar rula in ja layi huɗu, in sa batir a hagu, makunni a sama, ƙwan fitila a dama, su kwafa. A saman kanmu akwai mazaunin ƙwan fitila na gaske, amma tun zuwana makarantar zanzaro ne ke haya a ciki. Ni kaina a gida idan ƙwai ya mutu, mai gidana nake jira ya dawo ya canza.

A ajin bana akwai wata yarinya da kowa ke kira 'Yar Tela, saboda shagon ɗinkin mahaifinta yana bakin titin makarantar. Shekarunta sha huɗu, ba ta da surutu, zanenta kuma ya fi na littafin kyau. Ita muka zaɓa ta je jarrabawar shiga makarantar fasaha ta kwana, inda ake karatu kyauta, don ɗalibi ɗaya tak ake karɓa daga kowace makaranta ya gwada sa'arsa. Na je na sami mahaifinta da kaina. Ya saurare ni bai daina taka keke ba.

"Malama, ƙannenta biyar ne. Idan ta ci, ta tafi, na sa mata albarka. Idan ba ta ci ba, karatu ya tsaya nan, ta zo ta kama mini aiki. Ba mugunta ba ce, iyakar ƙarfina ke nan."

Saura mako guda a yi jarrabawar sai takarda ta iso, cewa bana ban da rubutu akwai gwajin hannu: kowane ɗalibi zai haɗa waya da batir ya kunna ƙwai. Zan iya sayen kayan nan a kasuwa, ba su fi ƙarfina ba. Har na tsaya a gaban shagon mai kayan wuta, sai na hango kaina a gaban yara sittin ina latsa makunni ƙwai ya ƙi kamawa, na wuce na sayi albasa. Na ce wa kaina ai wanda ya iya zane ya iya haɗawa. Na sa ta zana abin sau arba'in, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ranar jarrabawa aka shigar da su wani dogon zaure, mu malamai aka bar mu a baranda muna leƙe ta taga, da sharaɗin ko tari kada a ji. A kan kowane tebur akwai batir biyu a gidansu, da ƙwai a mazauninsa, da makunni, da doguwar waya ja, da reza. Minti ashirin aka ba su.

Sauran yaran suka hau aiki a hargitse, waya ta nan, waya ta can, kamar kaji sun shiga kwandon zare. Tawa kuwa ta fito da rularta. Ta auna wayar, ta sa reza ta yanka ta gida huɗu daidai wa daida, kamar yadda ta ga ubanta na yanka yadi. Ta lanƙwasa kowace kusurwa, ta sa batir a hagu, makunni a sama, ƙwai a dama, ta naɗe bakin kowace waya a jikin ƙusar da aka tanada masa ta ɗaure tam. Wallahi daɗi ya kama ni, har na taɓo malamin da ke kusa da ni na ce, "Waccan mai rular tawa ce."

Ya leƙa, ya dube ni, ya mayar da idonsa kan nasa ɗalibin.

Sai ƙwayaye suka fara kamawa, ɗaya a gaba, biyu a tsakiya, can baya ma. 'Yar Tela ta latsa makunninta, shiru. Ta sake latsawa. Ta sa rula ta gyara wata kusurwa da ta ɗan karkace, ta kuma latsawa. Ta ɗago ta nemi fuskata a taga, ni kuma na yi mata alama da hannu ta ci gaba, don ban ga abin da ya rage ba. Haka ta yi ta miƙe layi har aka kaɗa ƙararrawa.

Ana buɗe ƙofa na faɗa ciki kamar an jefo ni. Mai kula da jarrabawar wani dattijo ne mai tabarau, yana bin tebur yana rubutu.

"Ranka ya daɗe, an ba yarinyata mataccen ƙwai! Duba aikinta, duk zauren nan wa ya yi mai kyansa? Wannan zalunci ne, kuma ba zan yarda ba!"

Bai yi fushi ba, kuma da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kwance bakin waya ɗaya, ya sa reza ya ɓare jar robar da ta lulluɓe ta, siraran ƙarfe suka bayyana. Ya bi sauran bakunan ya yi musu haka, ya mayar, ya ce da ita, "Latsa, 'yata."

Ƙwan ya kama.

"Wuta ba ta bin roba, Malama, sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe," in ji shi a hankali. "Gwajin nan rabin maki ne, kuma ba ni da ikon ba ta ko ɗaya. Wa ke koya musu kimiyya a makarantarku?"

Na ce, "Ba a turo mana malami ba tukuna."

Muka shiga motar komawa. Kunya ta cika ni, ina ta juya yadda zan fara gaya mata gaskiya, sai ita ta riga ni.

"Malama, ki yi haƙuri, na ba ki kunya a gaban mutane." Ta goge ido da bayan hannu. "Na yi ta tunani. Ɓare wayar nan, a makon da na yi zazzaɓi ban zo ba kika koyar, ko?"

Ta zuba mini ido tana jira. Na juya ina kallon titi, na ce, "Eh, a makon ne."