Kujerar Mama Tana Tafiya

Ni dai tun ranar farko matar nan ba ta kwanta min a rai ba. Mai jinya ce da ƙanena ya samo wa mahaifiyarmu bayan ta faɗi a banɗaki. Ba ta da surutu, ba ta kallon mutum ido cikin ido, ni kuwa masu shiru-shirun nan tsoro suke ba ni.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Gwajin jini ya nuna bitamin D ɗin Mama ya yi ƙasa ƙwarai, ga sinadaran jikin mace masu riƙe ƙashi sun ja baya tun da ta daina al'ada. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa shan hantsi, ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba nan da 'yan watanni sai keken guragu. Mama ta ce ta ji. Jin ke nan. Daga gado sai kujerarta da ke manne da gadon. In na ce ta taka, sai ta ce ashe na gaji da ita. Sai in kawo mata ruwan wanke hannu har gabanta.

Sati guda da zuwan mai jinyar na lura kujerar ta bar jikin gado. Ƙarƙashin gadon nan kuwa akwai akwatin da Mama ke ajiye sarƙoƙinta na zinariya, kuma ba ya jawuwa sai an matsar da kujerar. Ni malamar makaranta ce, ba a raba jakata da alli. Na ja ɗan layi a gindin ƙafar kujerar, na tafi aiki. Da na dawo ta wuce layin da tayil ɗin daɓe ɗaya cif. Washegari ma haka. Na tambayi matar, ta ce shara ta yi. Shara! Wace irin shara ce kullum take tura kujera gaba, ba ta taɓa dawo da ita baya ba?

Na buɗe akwatin, komai na nan. Hakan bai sanyaya min rai ba, na ce lokaci take jira. Na tambayi Mama, ta ce ita ba ta ga komai ba, ta juya fuska bango. Na kira ƙanena, ya ce na fiye zargi, na kashe masa waya.

Ran Laraba na baro makaranta ƙarfe goma, na shigo ba sallama. Sai ga Mama tsaye a tsakiyar ɗaki, ƙafafunta na rawa, gumi na zuba. Kujerar tana can kusa da ƙofa, matar kuwa ta mayar da hannuwa baya tana kallonta kawai. Wallahi ban san lokacin da na ruga na rungumi Mama na mayar da ita gado ba. Abin da na faɗa wa matar nan ba zai maimaitu ba. Ta ɗauki jakarta, ta ce wa Mama Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Na jawo kujerar na manna ta da gado.

Mama ta dubi tayil ɗin ɗakin.

"Tayil goma sha ɗaya na taka jiya," in ji ta. "Saura biyu in kai inda hasken rana ke faɗowa. Matar nan ta ɗauka ban gane dabararta ba, ni ma na ƙyale ta a haka, don kada a ce an sa ni dole."

Na ce to me ya hana ta gaya min.

"Ke da kin ga na yi tangaɗi sai ki kama ni. Ita ba ta kama ni."

Kwana biyu ina kiran matar kafin ta ɗauka. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta ce ta riga ta kama aiki a wani gida, akwai dattijon da ke jiranta. Ta ce in na matsar da kujerar, in san inda zan sa hannuwana.

Yau da safe na tura kujerar tayil ɗaya. Mama ta kalle ta, ta kalle ni, ta miƙo min hannu kamar yadda ta saba. Na mayar da nawa baya na damƙe su. Hawaye na zubo min, kunya da tsoro duk sun cika ni, ita kuma hannunta na nan a miƙe tana jira in gaji.