Lambobin Baba Ƙura

Duk wanda ke aiki a hawa na uku na cibiyar ya san tankin ya kusa ƙafewa, ranar ce dai ba wanda ya sani. Madubin hangen nesan da suke kula da shi yana can sararin samaniya, kuma ba irin hasken da ido ke gani yake kamawa ba. Ɗumi yake kamawa, ɗan ɗumin da ƙurar tsakanin taurari ke fitarwa. To, abin da zai ji ɗumin ƙurar da ta fi ƙanƙara sanyi, ai dole shi kansa ya fi ta sanyi. Shi ya sa aka harba shi da tanki cike da ruwan hiliyom, yana ta ƙafewa kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙare madubin zai ɗumama ya makance, kuma babu mai hawa sama da jarka ya ƙara masa. In ka tambayi injiniyoyi saura nawa, sai su ɗaga kafaɗa, wai ruwa a inda babu nauyi ba ya kwanciya a gindin tanki balle a auna shi.

Auta ce ke tsara jadawalin madubin. Kullum da safe ita ke jera wa zai duba ina, ta haɗa umarnin, ta miƙa kafin azahar, lokacin da babbar eriya ke magana da madubin. Kai, ɗan Adam! Farfesoshin da a da ko gaisuwarta ba su amsawa a lifta, yanzu har lafiyar mahaifiyarta suke tambaya. Ita kuwa ko gezau, domin kwamiti ne ke ba kowane aiki matsayinsa, nata kawai ta bi jeri.

Ita ma tana da nata a jerin. Ma'aikatan cibiyar akan ba su 'yan awanni na ƙashin kansu, kuma bayan shekara da shekaru tana tsara wa mutane, nata ya zo, jibi ne. Wani gajimaren ƙura take so ta duba, inda sababbin taurari ke ƙyanƙyashewa. Da hoton nan za ta ƙarasa bincikenta, ta fita daga mai jera wa wasu ta shiga sahun masu bincike. Ta daɗe tana jiran ranar, har kunyar yadda take ɗokinta take ji.

Abin da ya hana ta sakat shi ne tsohon da ke ofishin ƙarshen baranda. Baba Ƙura ake ce masa, suna ne na tsokana da ya bi shi har ya manne, shi ma da shi yake amsa waya. Shi ya karɓe ta ranar da ta fara aiki, tana raɓe-raɓe ba ta san ko ina banɗaki yake ba, ya zaunar da ita ya koya mata karanta hoton ɗumi. Tun yana saurayi wani tsohon tauraron ɗan Adam ya kama wani ɗan dishi-dishin ɗumi a wurin da madubin ƙasa ba ya ganin komai sai baƙi. Baba ya yi imani gungun taurari ne guda, ya lulluɓe da ƙurarsa har haskensa ba ya fita. Duk zagaye sai ya nemi lokaci, duk zagaye kwamiti ya jefa shi ƙasan jeri, ajin da ake ce wa in lokaci ya ragu. Lokaci kuwa bai taɓa raguwa ba. Ga ritayarsa ta zo ƙarshen wata, kuma wani madubi irin wannan ba yanzu ba.

Kuma bai taɓa roƙonta ba, ko da wasa. Zai dai tsaya da kofin shayinsa gaban allon da ke nuna sanyin tankin, ya ce, "'Yar nan, mutumin yana nan da sanyinsa?" Ta ce, "Yana nan, Baba." Ya gyaɗa kai ya wuce.

Da yamma ta koma gida ta tarar da Inna a kicin tana goge saman firij da tsumma.

"Ke da ake biya ki nemo ƙura a sama," in ji Inna, "ga ta nan a gidanku kyauta, ba ki gani ba."

Auta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ja kujera ta zauna, ta zayyana mata komai. Dokar cibiya ta yarda mai lokaci ya canza inda za a duba da lokacinsa, in shugaban sashe ya amince.

Inna ta ajiye tsumman. "Shi ya ce ki ba shi?"

"Bai ce ba."

"To, a'a. Auta, ki ji ni da kyau. Ni na ga yadda kike dawowa da jajayen idanu a kan aikin nan. Shi ya yi zamaninsa, ya ci ya sha. Ke wa zai ba ki nasa?"

"Inna, ni ina da sauran shekaru."

"Wa ya ba ki tabbaci? Haka babanki yake, a ba wannan a ba wancan, mu kwana muna kallon juna." Ta ɗauki tsumman ta ci gaba da goga da ƙarfi, alamar maganar ta ƙare amma ranta bai so ba.

Washegari Auta ta yi ta juya abin a ranta har rana ta ɗaga, saura kaɗan a rufe karɓar umarni. Sai ta miƙe zumbur ta faɗa ofishin shugaban sashe. Oga ya cire tabarau ya dube ta kamar ta zo da wani yare.

"Malama, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To, na amince. In tankin ya kai mako mai zuwa, zan nemo miki gibi in mayar da naki. In bai kai ba, kar ki zo mini da kuka."

Ta fita da gudu-gudu zuwa ƙarshen baranda. Ofishin Baba duk kwalaye, an riga an cire kwamfutarsa an naɗe wayoyin, shi kuma yana zaune a kan wani kwali yana ware tsofaffin mujallu.

"Baba, na samo maka wuri gobe. Ba ni lambobin, yanzu-yanzu."

Mujallar da ke hannun tsohon ta zame ta faɗi. Bai tambayi ta yaya ba, murna ba ta bar shi ba. Ya lumshe ido ya karanto mata adireshin gungunsa a sama, lamba bayan lamba, tiryan-tiryan ba gargada, mutumin da lambar wayarsa ma sai ya duba. Ta rubuta a tafin hannunta da biro ta juya.

A teburinta ta yi abin da take yi wa kowane aiki, ta ɗora lambobin a kan taswirar sama ta ga me ke wurin. Baƙi ƙirin, sai 'yan taurari jefi-jefi. Ai haka ya kamata, gungun Baba dama ba ya fitowa a taswirar hasken ido. Ta tura umarnin, ta jingina da kujera.

Madubin ya juya ya duba, ya cika awanninsa cif. Ba a daɗe ba bayan haka, wata rana da hantsi, layin da ke kan allon sanyi, wanda ya shekara da shekaru a kwance, ya ɗaga kai ya fara hawa. Wata injiniya da ta fi kowa tsiwa ta kife kai a tebur tana shessheƙa. Wani ya fara tafi shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi, ya bari. Oga ya ce, "To, Allah ya yi. Sannunku da aiki." Ya dubi Auta sau ɗaya ya kawar da kai. Nata ya tafi kenan, ta sani, kuma ya yi mata zafi ƙwarai. Ta lallashi zuciyarta da cewa aƙalla na Baba ya samu.

Bayan azahar bayanan ƙarshe suka sauko. Ta rufe ƙofa ta buɗe hoton ita kaɗai, tana so ta riga kowa gani.

Babu gungu. Ta ƙara haske, ta rage, ta juya launi. Sai wasu siraran zare-zare na ƙurar unguwarmu ta taurari, irin wadda ake samu ko'ina aka duba, da ɗige-ɗige can nesa. A tsakiya, inda ya kamata abu ya yi jajir, wayam. Ta duba ko madubin ne ya kauce, ta ga ya tsaya daidai kan lambobin da ta ba shi. Ta duba tafin hannunta, biron ya goge tuni, amma abin da ta shigar shi ta ji daga bakinsa, ta rantse. Sai a lokacin ta buɗe tsohuwar buƙatar Baba, wadda ke kwance a ƙasan jeri cikin kwamfutarta tun tuni. Lambobin sun yi kama, amma ba su ba ne.

Innalillahi! Nan take ta gane. Duniya tana ɗan layi a kan ƙafarta kamar katantanwar da yara ke murzawa, a hankali ƙwarai, don haka layukan da ake auna adireshin taurari da su suna gusawa. Shi ya sa bayan zamani mai tsawo ake sake lissafin gaba ɗaya, kowane tauraro ya samu sabon adireshi. A buƙatun Baba kwamfuta ce ke juya masa zuwa sabon lissafi. Wanda ke kansa kuwa, wanda ya haddace yana saurayi, na tsohon lissafi ne. Tazarar ta ɗan fi faɗin wata a sama, idon madubin kuma bai kai rabin haka ba. Sun duba gefen gidan, gidan yana nan kusa ba su gan shi ba.

Abin da ya fi ci mata rai, buƙatar tana gabanta, latsawa biyu ce. Da wani farfesa ne ya karanto mata lamba da ka, wallahi sai ta gwada da rubutacciya ko da zai yi fushi. Amma Baba? Wa zai bincike Baba a kan gungunsa? Ko a ranta bai zo ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, ya sa kwat ɗinsa mai kyau, wanda yake sawa ranar taro, har da taje gemu.

"'Yar nan, an ce sun sauko."

Ta matsa masa kujera kawai. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya kusanto da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan idonsa ya sauka kan lambobin da ke ƙasan hoton, leɓɓansa suna motsi yana bin su. Ta ga lokacin da abin ya same shi, kafaɗunsa suka sauka.

"Na tsohon lissafi na ba ki," ya ce a hankali.

"Baba, ni ce ban gwada ba. Laifina ne."

"Haba, wane laifinki? Ni na koya miki a gwada, ni kuma na zo da ka kamar mai karanto sunayen jikoki." Ya yi wata 'yar dariya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Tun ba a haife ki ba nake bin abin nan. Ashe ni zan kauce masa da bakina."

A baranda ana ta jan kujeru, za a yi ɗan taron ban kwana da madubin. Can ya ɗago da sauri, kamar wanda aka tsikara.

"Tsaya. Lokacin nan da kika samo mini, na waye? Kar ki ce mini an ture wani saboda ni."

Ta dubi tsohon, ga kwat, ga gemu a taje. 

"Gibi ne, Baba. Ba na kowa ba ne."

Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Alhamdulillahi. Da na ci na wani na zubar, da ban yafe wa kaina ba har in mutu." Ya mayar da tabarau, ya share gefen ido da babban yatsa. "To naki fa? Gajimaren nan naki, an samu dubawa kafin ya ƙafe?"

"Bai kai kaina ba. Tankin ya riga ni."

"Ayya! Ayya, 'yar nan." Ya manta da nasa gaba ɗaya, ya juyo da kujerar yana fuskantarta. "Ina nan ina ta kukan kaina, ashe ke ko dubawa ba a yi miki ba. Yi haƙuri, kin ji? Ke yarinya ce, za a harba wani, ki duba har ki gaji."

Sai kukan da take riƙewa tun hantsi ya ƙwace mata. Ta kife fuska a tafin hannu tana yi, shi kuma yana zaune kusa da ita yana ta ba ta haƙuri.