Sadakar Bakin Dajin Falgore

Ni Maikano, shekara ashirin ina ɗinkin takalma a Burumburum, ban taɓa miƙa wa ɗan Adam hannu ba. Ƙafafuna ne suka shanye tun ina yaye, ba zuciyata ba.

Da sassafe saƙo ya iso cewa Baffa ya rasu a Doguwa, za a yi jana'iza bayan Azahar. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙa goya ni zuwa makarantar allo har na yi masa nauyi. Burina ɗaya, in sallace shi, in zuba masa ƙasa da hannuna.

Sarƙar kekena na guragu ta tsinke tun kaka, don haka da rarrafe na kai bakin titi, silifa a tafin hannu, farar rigata naɗe a wuya kada ta yi datti. Da na isa na saka ta, na gyara hula.

Bas ta farko ta taho, na ɗaga hannu. Direba ya rage gudu, har raina ya yi fari. Sai ga sule ya faɗo gabana.

"Malam, a yi mana addu'a, Allah ya fid da mu daji lafiya!" Ya taka mota.

"Kai! Doguwa za ni!" Ina, hayaƙi kawai na sha.

Haka direbobin hanyar nan suka saba, ba sa shiga dajin Falgore sai sun jefa wa miskini sadaka, saboda tsoron 'yan fashi. Ni kuwa ga ni zaune a ƙasa, hannu a sama. Akori-kura ta wuce, kwabo. Motar itace ta wuce, kwabo. Na ɗaga hannu biyu, na nuna kudu wajen Doguwa, na yi ihu har muryata ta dushe. Wata Hajiya ta ce "Allah sarki," ta wurgo mini ƙosai a takarda. Wallahi sai da na yi kuka, kukan takaici.

La'asar sakaliya wata mota ta tsaya, amma a ɗaya hannun, daga Doguwa take. Balarabe ɗan Baffa ya sauko, idanunsa jawur, ya biyo sawu ya ga abin da ya riƙe ni. Ya dubi farar rigata, ya dubi kwabban da ke warwatse a gabana.

"Yaya Maikano," ya ce, "mun jira ka har rana ta karkata, sannan muka rufe shi. Ashe nan ka zauna bara?"